Kyautar Da Aka Sa Wa Sunan Malama Rabi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Malama Rabi, aminiyata kuma abokiyar aikina. Mun yi zaman ofishin malamai ɗaya a wata sakandaren 'yan mata da ke gindin Goron Dutse, ita tana koyar da Turanci da adabinsa, ni ina koyar da Hausa, har furfura ta fara leƙo mana ta gefen ɗankwali. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo, addu'a nake yi mata a ɗakina in ja bakina in yi shiru. Bana na ɗauki biro ne saboda wata magana da ta shekara biyu tana yawo a cikin gari, wadda ta taɓa ni, ta kuma taɓa sunanta. Ana cewa wai an toshe mini baki, na sa hannu aka ba wa yarinyar da ba ta cancanta ba kyautar da ke ɗauke da sunan Rabi. Na ji maganar a gidan suna, na ji ta a gidan gaisuwa, na kuma gan ta a fuskar mutanen da nake jin nauyinsu. Ban taɓa kare kaina ba, domin asirin da ke ciki ba nawa ba ne. Sai yanzu mai shi ta ba ni izini.

Wanda bai san Rabi ba zai ɗauka za a iya wuce ta da ƙarya. 'Yar siririya ce, muryarta ba ta ƙetare taga, kuma ban taɓa ganin ta da bulala ba. Amma duk yarinyar da ta bi ta hannunta ta san ba haka abin yake ba. Ranar da za ta fara nazarin adabi da sababbin 'yan aji huɗu, ba ta buɗe littafi. Tambaya take yi ko akwai waɗanda suka yi cacar baki a bakin famfo a makon, abin da ba a rasawa a makarantar 'yan mata. Sai ta fitar da ɗaya waje, ɗayar ta ba da labarin yadda aka yi, sannan a musanya. In sun gama ta juya ga 'yan aji ta ce su faɗi abin da ta farko ta tsallake, da inda ta biyu ta ƙara gishiri, da abin da kowacce take so a yarda da shi. Aji ya kaure da gardama har mu da ke maƙwabtaka mu kasa jin kanmu. Sai ƙura ta lafa take ɗaga littafin da za su karanta, ta gaya musu cewa shi ma wannan mutum ne yake ba da labari, yana da abin da zai faɗa, yana kuma da abin da zai tsallake, aikinsu shi ne su gano.

A wajen rubutu ma haka take. Babu abin da ta tsana kamar yarinyar da aka haifa a cikin ganuwa ta zo tana kwatanta mata dusar ƙanƙara da tekun da ba ta taɓa gani ba, don kawai ta tsinto su a littafi. Takan ce mata ta koma ta rubuto zauren gidansu, wa yake zama a ciki, ina yake ajiye takalminsa, me ake ji in an shiga. Iyaye sun sha zuwa ƙorafi cewa ana ɓata wa 'ya'yansu lokaci ga jarrabawar fita na matsowa, a ba su insha'in da za su haddace mana kamar yadda ake yi a ko'ina. Ta saurare su da ladabi, ta raka su har bakin ƙofa, washegari ta ci gaba da abinta.

Inda ta fi kowa taurin kai shi ne ba ta ba da maki a bayan idon mai rubutu. Mu sauran malamai mukan kwashi littattafai mu tafi da su gida, mu bi su da jan biro tsakanin girki da wanki. Ita kuwa in an fita tara, tabarma take shimfiɗawa a gindin wata darbejiya da ke bayan ofis, ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta zauna, a rufe littafi, a ce ta faɗi da Hausa abin da ta rubuta da Turanci, da dalilin da ya sa ta faɗe shi. Wadda ta iya, a buɗe littafi a gyara mata. Wadda ta kasa, a mayar mata da abinta ba ko ɗigon jan biro. Wannan ya sa kullum ita ce ta ƙarshen miƙa sakamako, shugabar makaranta ta yi faɗan har ta gaji. Nakan tsokane ta in ce ashe Turancin nata gurgu ne, ba ya tsayuwa sai ya dafa Hausata, ga ta kuma da zargin 'ya'yan mutane. Ita kuma ta ce in rufa mata baki, ai ni zargina na gado ne, da shi aka haife ni, nata kuwa na aiki ne, a makaranta take barin sa in an tashi. Ba ta yi mini ƙage ba. Ni mutum ce da in aka gaishe ni da fara'ar da ta wuce ƙima sai na waiwaya.

A cikin 'yan matan da suka sha zaman tabarmar nan akwai wata Zulai, 'yar gidan wasu manyan 'yan kasuwa na cikin gari. Insha'inta yakan zo sumul, Turancin ya fi ƙarfin bakinta nesa ba kusa ba, ga shi kowa ya san tana da wa a jami'a. Zango guda cur ina hango ta ta tagar ofis, ana kiran ta gindin darbejiya kusan duk mako, tana tashi da littafinta fari tas. Ban buƙaci a gaya mini komai ba. Da na tuntuɓi Rabi, cewa ta yi shayina zai huce. Na sake tuntuɓar ta bayan kwana biyu, ta tambaye ni lafiyar yara. Daga nan na bar zancen, amma na ajiye sunan Zulai a inda nake ajiye irin waɗannan sunaye.

Nakan zauna yanzu in ce, da Rabi za ta dawo ta ga zamanin nan, me za ta ce? A lokacinta yarinyar da za ta yi satar rubutu sai ta roƙi wa ko ya, ko ta kwafa daga wani littafi, kuma a wajen kwafar ma takan koyi wani abu ko ba ta so. Yanzu jikata tana zaune kusa da ni za ta gaya wa waya abin da take so, kafin in gama ɗaura ɗankwali an rubuto mata shafi biyu, Turanci tsaf, babu kuskure, babu kuma kowa a ciki. Malamai suna kuka, iyaye suna murna 'ya'yansu sun iya Turanci. Darbejiyar ma an sare ta an gina ajujuwa a wurin, kuma yaran da ke aji ɗaya yanzu sun isa a yi aji biyu da su a da. Ina jin Rabi ba za ta tsaya zagin waya ba. Wata inuwar za ta nema ta shimfiɗa tabarmarta, sakamako kuwa ya jira.

Da Rabi ta cika shekara goma da rasuwa, sai ga sallama a gidana na Ƙofar Mata. Zulai ce, yanzu Hajiya Zulai, mai makarantar kuɗi a wajen Ƙofar Dawanau, tare da wasu tsofaffin ɗalibai biyu. Suka durƙusa suka gaishe ni, suka ajiye turare, sannan ta kawo abin da ke tafe da su. Suna so su kafa gasar nazarin adabi da rubutun insha'i ta 'yan matan sakandare, a sa mata sunan Malama Rabi, ni kuma in shiga cikin alƙalai. Sun riga sun je wajen Yaya Garba, wan Rabi kuma babban gidansu, ya sa musu albarka. Wannan bai ba ni mamaki ba, Yaya Garba bai iya cewa a'a ga wanda ya tako zaurensa ba.

Ni dai tun tana magana zuciyata ta ƙi kwanciya. A duk ɗaliban Rabi, a ce wadda ta yi zango guda babu maki ita ce ta fi kowa kewar ta? Da ta nuna mini takardar tallar gasar, na ga sunan Rabi a sama, sunan makarantarta a ƙasa da haruffan da suka fi na saman ƙiba. Ga shi kuma kowace yarinya a gida za ta yi rubutunta ta aiko. Na lissafa abina tsaf: za a ci kasuwa da sunan matar da ke kabari, a ba 'yar makarantar Zulai kyauta a kan rubutun da waya ta yi, a kuma ɗora ni a kujerar gaba in zama shaida. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin Rabi ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba, sunan nan shi ne abin da ta bari.

Sai na gindaya sharaɗi. Na ce zan shiga, amma ranar ba da kyauta ukun farko za su tsaya a gaban taro, kowacce ta faɗi da Hausa abin da ta rubuta, kamar yadda marigayiya take yi. Zulai ta ɗago kai ta ce, "A gaban taro, Malama?" Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda na ce haka za a yi. Na ɗauki wannan ɗan jinkirin nata a matsayin hujja, na ce a raina na kama ki.

Wani matashin malamin jami'a da ke cikin alƙalai shi ya ƙirƙiro ɗan gajeren labarin Turanci da aka ba yaran. Wani mutum ne yake ba da labarin yadda ya kula da tsohon mahaifinsa har Allah Ya karɓi ransa, tambayar kuma ita ce, za a yarda da mai ba da labarin nan ko kuwa? An rufe sunayen masu rubutu, lamba kawai muke gani. Turancina ba na gasa ba ne, amma wanda ya daɗe kusa da Rabi ba zai rasa na gane rubutu ba. Yawancin abin da aka aiko kamar uwa ɗaya ce ta haife su, yabon ɗa nagari da doguwar lacca a kan haƙƙin iyaye. Guda ɗaya ne ya fita daban. Mai shi ta lura cewa mutumin ya lissafa duk abin da ya aika wa mahaifinsa, magani, shinkafa, fanka, amma bai taɓa kwatanta ɗakin tsohon ba, bai kawo kalma ɗaya da tsohon ya faɗa masa baki da baki ba, kuma duk abin da ya sani game da ciwon daga bakin ɗan aike ya ji shi. Ta ce babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, sai dai ba mu yake ba wa labarin ba, kansa yake lallashi don ya samu barci.

Duk alƙalai suka ba wannan rubutu na ɗaya, har da ni. Amma na ce a raina wannan ba tunanin 'yar sakandare ba ne, ko dai waya, ko wani babba a gida. Da aka buɗe sunaye kuwa sai ga shi 'yar makarantar Zulai ce. Zan kira ta Nafisa, ko da yake ba sunanta ke nan ba.

Ranar taro zauren makarantar Zulai ya cika. Layin gaba iyaye ne da manyan baƙi, ga Yaya Garba a tsakiya an ba shi kujera mai hannu. Ta uku ta fito ta yi bayaninta tana inda-inda, amma da ji ka san nata ne. Ta biyu, 'yar wata makaranta daban, ta karɓi makirufo ta zubo kamar mai biya hadda, ko numfashi ba ta ja. Na katse ta da 'yar tambaya, sai ta koma farko ta sake ɗaukowa. Na gane labarin sharaɗina ya fita, an zaunar da ita an ɗora ta a kai. Jama'a dai suka tafa mata sosai.

Sai Nafisa. Ta riƙe makirufo, ta kafa wa ƙasa ido, tana murza gefen hijabinta. Na ce ta gaya mana abin da ta gano game da mutumin cikin labarin. Shiru. Na sauƙaƙa tambayar, shiru. Na tambaye ta ko ita ta yi rubutun, ta gyaɗa kai. Na ce to ai sai ta faɗa mana, da Hausar da aka haife ta a ciki. Sai hawaye. Ba zan ɓoye ba, a lokacin wani daɗi na ji, irin na wanda zatonsa ya tabbata. Na girgiza kai na ce, "To, mun gani." Zaure ya ɗauki gunaguni, mai gabatarwa ya yi sauri ya ce a tafi sallar azahar, in an dawo za a sanar da sakamako.

A ofishin Zulai aka shimfiɗa mini darduma. Ina sallamewa na gan ta durƙushe a bakin ƙofa. Na ɗauka roƙo ta zo yi, na ma riga na shirya amsata.

"Malama, ki gafarce ni," ta ce, "zan faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a gidanki, nauyinki ya hana ni. Anti Rabi ba ta taɓa tambayar kowa a gaban mutane ba."

Ta ci gaba da cewa wanta ne yake yi mata insha'i a wancan lokacin, kuma Rabi ta gane tun makon farko. Ba ta kai ta gaban shugaba ba, ba ta aika gida ba, ba ta yi mata habaici a aji ba. Duk mako za ta zaunar da ita a gefenta, ba gaba da gaba ba, ta ce ta rubuta mata layi uku nata na kanta a nan, ko da kuskure. A haka har layi ukun ya zama shafi. Ta ce har Rabi ta koma ga Allah babu mahalukin da ya ji daga bakinta. Na ce ai ni na sani tun tuni.

"Ta taga kika gani, Malama. Ba ita ta gaya miki ba."

Ta ƙara da cewa ita ma ba za ta rantse Nafisa ce ta yi rubutun ba, a zamanin nan wa zai rantse. Abin da take roƙo kawai shi ne in tambayi yarinyar yadda ake tambaya, duk abin da na samu ta yarda, ko da kyautar za ta bar makarantarta.

Na amince, amma ban saki jiki ba. Na ce wa kaina wa ya sani ko a ɗan tsakanin nan an ja ta gefe an cusa mata amsa. Saboda haka da aka kawo mini ita wani aji da babu kowa, na zauna kusa da ita a benci, ban tambaye ta abin da ta rubuta ba. Cewa na yi ta gaya mini a ina ta san cewa wanda ya zauna da mara lafiya ba ya rasa abin faɗa game da ɗakinsa.

A hankali ta gaya mini tana da kaka, mahaifiyar babanta, a wani lungu kusa da karofin masu rini, tana kwance ƙafa ta ƙi. Su kuma suna zaune a sababbin unguwannin bayan gari. Duk Asabar babanta yana aika direba da kayan abinci da magani, bai taɓa fashi ba, ita kuma takan bi motar. Tsohuwa ta tambaye ta ina babansu, ta ce yana gaishe ta, aiki ne ya yi masa yawa. In sun koma gida, direba ne yake ba da rahoton jiki. Ta ce da ta karanta labarin gasar ba ta sha wata wahalar nazari ba, gidansu ta gani.

"Yana layin gaba, Malama, shi ne mai farar hula. Da Turanci labarin wani mutum ne a takarda. In na faɗa da Hausa, a gabansa, a gaban abokansa, ai shi nake faɗa wa."

Ni da na ƙarar da ƙarfina ina koyar da al'adar Bahaushe, ina rubuta wa yara kunya da kara a allo, ni ce na tsayar da 'yar mutane na ce ta tona wa ubanta asiri da lasifika. Duk da haka halin nawa bai bar ni ba, sai da na ɗauko wani wuri a labarin da ba ta taɓo a rubutunta ba na tambaye ta. Ta amsa, har ta ce da za ta sake rubutawa da ta sassauta wa mutumin kaɗan, don wataƙila tsoron ganin mahaifinsa a wannan hali ne yake hana shi zuwa. Daga nan ban da sauran tambaya. Na ce ta je ta wanke fuskarta.

Da aka dawo na miƙe na ce na zauna da yarinya, na gamsu ita ta yi rubutunta, kuma ita ce ta ɗaya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce to me ya hana ta magana ɗazu. Na ce ba kowa ne yake iya tsayuwa gaban taro ba, na zauna. Mutanen ta biyu suka tashi suka fice tun kafin a yi addu'a. Mai farar hula ya taso yana murmushi aka ɗauke su hoto da 'yarsa, har ya yi mini godiya. Kowa ya ga na girgiza kai kafin azahar, kowa ya ga Zulai ta bi ni ofis, kowa kuma ya ga na fito da wata magana daban. Ko ni ce a cikin 'yan kallo, abin da suka zata shi zan zata.

Bayan 'yan kwanaki Zulai ta ƙarasa ni ba da niyya ba. Ta aika wa kowane alƙali ɗan abin ban gajiya kamar yadda aka saba, ni nawa turmin atamfa ne, aka shigo da shi lungunmu da rana tsaka a gaban matan maƙwabta. Mayar da kyauta cin fuska ne, na karɓa. Kafin wata ya mutu turmi ɗaya ya zama akwati a bakin mutane, daga baya ma na ji an ce kujerar Makka ce. Duk wannan bai dame ni kamar na Yaya Garba ba. Bai ce mini komai ba, ba halinsa ba ne. Amma mutumin da yake ce mini ƙanwata tun muna 'yan mata ya koma ce mini Malama, gaisuwarmu ta tsaya a lafiya lau. Na san abin da ke ransa: an sayar da sunan ƙanwarsa, kuma aminiyarta ce dillaliya. Sau da yawa nakan yafa mayafi da niyyar in je in fayyace masa komai, in na tuna yarinyar nan sai in cire in ajiye.

Watannin baya Allah Ya yi wa kakar Nafisa rasuwa. Bayan an share makoki sai ga ta a gidana, ta zama 'yar jami'a, ta ƙara tsawo, amma har yanzu ƙasa take kallo in tana magana. Ta ce maganar da ake yi a kaina ta daɗe tana zuwa kunnenta, kuma ta gaji da jin ana cin naman tsohuwa saboda ita. Ta ce in rubuta, in dai ban kama suna ba. Na tuna mata cewa duk wanda ya halarci taron zai gane, babanta ma zai iya gani.

"Rubutun yana falonsa, Malama. Ya sa an yi masa firam, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. In bai gane da Turanci ba, wataƙila ya gane da Hausa."

To ga shi na rubuta. Kada wani ya ɗauka na wanke kowa da kowa. Har gobe ina ganin sunan makarantar Zulai ya danne na Rabi a takardar talla, na kuma gaya mata a fuska. Ajujuwanta sun cika tun daga gasar nan, kuma ban ce ba ta yi wannan lissafin tun farko ba. Har gobe in aka miƙo mini insha'in da ya cika santsi sai na shinshina shi. Ana ci gaba da gasar, ana kuma ci gaba da tambayar ukun farko da Hausa, sai dai yanzu a aji ake yi, mutum biyu a benci ɗaya.

In na auna abin da ya rage na Rabi bayan shekarun nan, ba shi da yawa a ido. Ɗalibanta sun watsu, wasu ma sun manta Turancin. Malaman da ke makarantarmu yanzu ba su san an yi ta ba. Amma ta bar wata hanyar tambaya wadda ba ta barin ƙarya ta wuce, ba ta kuma kunyata wanda ake tambaya. Ni da na fi kowa kusa da ita ɓangare ɗaya kawai na ɗauka, ɗayan yana hannun yarinyar da na fi zargi, ta hannunta kuma ya isa ga wata da ba ta taɓa ganin Rabi ba. Yaya Garba, in an karanta maka wannan, ka kwantar da hankalinka. Ba a sayar da sunan ƙanwarka ba, a kan rubutun gaskiya aka ɗora shi.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa 'ya'yan mutane a nan, Ya haɗa da tsohuwar da ta yi ta tambayar ɗanta. An ce maƙabarta ɗaya suke kwance, a nan cikin gari. Da Rabi ce ba za ta ƙara komai a kan wannan ba, amma ni ba Rabi ba ce. Mai farar hula, wurin ba shi da nisa, kuma ziyarar nan ba a aika direba.